Harsashi Huɗu a Aljihun Maigadi

Duk wanda ya san Maharazu a Lugbe, nan gefen Abuja, a kan benci ya san shi. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe. Kunnensa na hagu ya yi ritaya tun yana saurayi saboda ƙarar bindiga, shi ya sa in kana masa magana sai ya karkato maka da na dama kamar mai jiran a raɗa masa asiri. Shekara bakwai ya yi yana buɗe get yana rufewa a gidan Alhaji Abdulƙadir, darakta a ɗaya daga cikin ma'aikatun nan da ba ka sanin aikinsu sai dai ka san motocinsu. Ɗan gwaggota ne, taubashina ke nan, saboda haka bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, kuma ina da lasin faɗar abin da na ga dama a kansa. Yau dai zan sassauta masa. Ba don ya yi kyau ba, har yanzu bai yi ba.

A wani ƙauye na bakin daji a ƙasar Zamfara aka haife shi, gidan maharba. Ubansa da kibiya ya fara, ya ƙare da bindigar toka. Shi kuwa Maharazu ya samu ci gaba, aka ɗauke shi aikin gandun daji, ya shekara goma sha takwas yana riƙe wa Turawa da Kwarori bindiga in sun zo farauta da takardarsu. A can ya koyi abin da bai taɓa sayo masa ko kwanon masara ba a Abuja, wato sanin harsashi. Da gandun ya mutu, itatuwa suka koma gawayi, namun daji suka yi ƙaura, daidai lokacin kuma soja sun koma bariki farar hula sun karɓi mulki, sai labari ya kai har ƙauye cewa a Abuja da tsintsiya ake share kuɗi a kan titi. Ya ɗauko matarsa Kubra da 'ya'yansu mata biyu, ya sauka a Karmo.

Tsintsiyar dai bai same ta ba. Ya tura baron rake, ciniki ya ƙi. Mutumin da ya saba yini guda bai yi tari ba don kada nama ya ji, ina shi ina kiran a sayi rake? Ya yi lebura a wurin gini, bayansa ya ce bai yarda ba. Ni ce na ji tausayin Kubra, ba shi ba, na yi masa hanyar gadi, domin rumfar tuwona tana bakin layin su Alhaji Abdulƙadir, kuma direbansa Philip a wurina yake cin abincin rana. Aka ba su ciki da falo a bayan gida, ga famfo ga lantarki, yaran suka shiga makarantar unguwa da fararen safa. Kubra ta yi ƙiba har ta fara gaishe ni a tsaye.

Dukiyar Maharazu guda ce, wani gwangwanin madara da ya yi baƙi don shafa. A ciki akwai harsasai kusan ashirin, duk waɗanda ya tono daga jikin namun da aka harba a gabansa. In rana ta yi sanyi yakan zazzage su a kan benci yana jujjuyawa kamar mai duba. Wata rana na ce masa, "Bawana, mutane suna tara filaye a garin nan, kai kana tara haƙoran aljanu."

Ya ce, "Saudatu, bakinki reza, kanki kabewa. Riƙe wannan." Ya ɗora min ɗaya a tafin hannu, kansa ya baje kamar naman kaza, gindinsa na nan yadda aka ƙera shi. "Wannan ya yi aikinsa. Ya huda fata, ya karya ƙashi, ya buɗe a ciki, bai zubar da nauyinsa a hanya ba. Gwanki ne, taku goma ya yi ya faɗi." Ya ɗauko wani abu kamar ɓawon gyaɗa. "Wannan kuwa tun a bakin ƙofa ya tarwatse. Ga gada ko barewa ba laifi, fatarsu kamar takarda. Amma babban nama, fatarsa kaurin yatsa, bayan fata ga tsoka, bayan tsoka ga allon kafaɗa kamar gindin turmi. Mai nauyi yake so, mai taurin kai, wanda ba ya gaggawa kuma ba ya fasa tafiya."

Na ce, "Wato irin masinjan da ba ya tsayawa wurin sakatariya, sai ya dire takarda a teburin oga."

Ya ce, "Yau dai kin yi magana irin ta mutane."

Yadda yake zaɓe kuwa, ba ya karanta kwali, don bai iya ba. A tafin hannu yake auna nauyi, ya danna farce a hancin harsashin ya ga yadda dalmar za ta karɓa, ya duba kaurin jan ƙarfen da aka lulluɓe ta da shi. Iyakar karatun ke nan, kuma ban taɓa jin ya faɗi jarrabawa ba.

Alhaji Abdulƙadir ba mugun mutum ba ne, kada a ce na ce. Da sallah tare da nasa yake yi wa yaran Maharazu ɗinki. Ciwonsa na zamani ne. Shekarun nan kuɗin mai ya tumbatsa, manyan ma'aikata suka rasa inda za su kai Asabar ɗinsu. Wasu suka kama buga ƙwallon nan da ake bi da sanda a kan ciyawa, wasu suka sayi gonar da ba su san hanyarta ba, shi kuma Allah ya jarabce shi da farauta. Ya sayi bindiga mai kyau a hannun wani Bature injiniya da ya gama kwangila zai koma gida, ya yi mata lasin da sunansa, komai bisa ƙa'ida. Baturen ya haɗa masa da wani tsohon kwalin harsashi, gefensa ya yage, tagullar ta dushe ta yi kore-kore. Alhaji ya bar shi a ƙasan akwatin bindiga, ya yi odar sababbi daga waje, masu ƙyalli, kowanne da ɗan jan baki kamar mai zuwa biki. Bindigar tana cin duka biyun.

Ranar da ya gano maigadinsa tsohon ɗan gandu ne, murna kamar ya tsinci dami a kala. Daga nan duk fita Maharazu ke riƙe bindiga, shi ke goge ta, shi ke nuna sawu. Masu jan bakin kuma ba su ba da kunya ba, gada uku suka kayar a wata biyu, kowacce nan take. To, wa zai gaya wa mutumin da ya kashe gada uku cewa bai san harsashi ba?

Ɓaunar da ta zame mana fitina kuwa, in za a bi gaskiya, bakina ne ya jawo ta. Akwai wata mata Yelwa, daga wani ƙauye a bayan Karshi, mijinta ya rasu ya bar mata gonar doya a tsallaken ƙorama, ita ke kawo min doya duk sati. Ta zo tana ƙorafi cewa wata tsohuwar ɓauna ta gangaro daga duwatsun wajen Nasarawa, ita kaɗai, tana cin dawa tana tattake kunyoyi. Maharban ƙauyen bindigoginsu na toka ne, ba mai son ya tsokane ta. Ni na faɗa wa Maharazu don hira, shi ya faɗa wa Philip, Philip kuwa ba shi magana kamar zuba ruwa ne a kwando. Kafin sati Alhaji ya samo takardar izini, ya gayyaci abokansa biyu, ɗaya ma na gaba da shi ne a ofis.

Ranar Juma'a da la'asar Maharazu ya zo rumfata ya zauna ya ƙi cin komai. Ya ce, "Masu jan bakin nan Alhaji zai sa, na sani. Ba za su shiga ɓauna ba."

Na ce, "To ka gaya masa mana. Bakin naka ma ya yi ritaya ne?"

"Zan gaya masa."

"Amma da ladabi, ka ji ko? Ka tuna a gidan wa kake kwana."

Kun ga, ni ma da nawa kason. Abin da ya biyo baya daga bakin Philip na ji shi, da na Yelwa, da ɗan abin da na tatso a wurin shi gogan.

Ranar Asabar bayan asuba suka fita da mota biyu. Wajen ƙarfe bakwai suka tsaya a gefen gonaki. Alhaji ya fito cikin kakin farauta mai aljihu goma sha biyu, ya buɗe sabon kwali. Maharazu ya durƙusa kusa da shi ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, da yau an sa tsofaffin nan. Ɓauna ba gada ba ce."

Alhaji ya yi dariya. "Waɗannan masu tsatsa? Ai sun girmi Philip. Ka san daga inda aka kawo min nawa kuwa?"

Babban baƙon ya leƙo yana kurɓar shayi daga fulas. "Abdulƙadir, ashe maigadin naka kwansaltan ne? Ka ara mana shi ranar mitin mana." Aka kwashe da dariya.

Maharazu ya dubi ƙasa ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Wannan "to" ɗin, jama'a, ita ta ci mu. Shekara bakwai na gadi sun koya masa ba a maimaita wa oga magana, balle a gaban baƙi, balle baƙon da shi kansa ogan yake rusuna wa. A gandu in Bature ya ɗauko harsashin da bai dace ba, zama Maharazu yake yi a ƙasa ya ce ba inda za shi. Amma a gandu ba a bayan gidan Baturen 'ya'yansa suke kwana ba. Abin da ya iya yi kawai, da zai rufe akwati sai ya zari huɗu daga tsofaffin ya zura a aljihu.

Ba su sha wahalar nema ba. Suka same ta a gefen wata gonar dawa tana kiwo, baƙa ƙirin, ƙaho kamar an kifa akushi biyu. Maharazu ya zagayo da Alhaji ta inda iska ba za ta kai mata warinsu ba, har taku saba'in, ya nuna masa kafaɗa. A ba kowa haƙƙinsa, Alhaji ya iya saiti, inda aka nuna masa nan ya samu. Ɓauna ta durƙusa a kan gwiwa, baƙi suka fara kabbara da tafi. Kafin su rufe baki ta miƙe, ta girgiza kai, ta faɗa duhuwar bakin ƙorama, suna jin karyewar itace har ta yi nisa.

Maharazu ya karɓi bindiga kamar yadda ya saba, ya je inda ta durƙusa ya tsuguna. Jinin kaɗan ne, baƙi-baƙi, ba kumfa. Da huhu aka samu da ya ga kumfa. Sawun kuma ya nuna tana jan ƙafar gaba amma tana taka ta. Ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, a kan ƙashi ya fashe, bai shiga ba. Ba yau za ta mutu ba, ba gobe ba."

Suka yi ta zagaya gefen duhuwar suna leƙe daga nesa har ƙarfe goma. Babban baƙo ya dubi agogo. Akwai walima ƙarfe biyu a cikin gari, irin wadda duk mai son kujerarsa sai an gan shi a can. Alhaji ya share gumi ya ce, "A bar ta, za ta mutu da kanta. Kawo bindigar mu tafi."

Maharazu ya san abin da su ba su sani ba. Ɓauna mai lafiya gudun mutum take yi, mai rauni laɓe masa take yi, ba a banza ake cewa kwanton ɓauna ba. Duhuwar nan kuma ta cikinta hanyar mata take, ta nan suke tsallaka ƙorama su je gonakin doya, ga shi kaka ce ana haƙa. Sannan akwai dokar gidansu da ubansa ya bar masa: wanda ya fitar da jini shi ke bin sawu har ƙarshe, in ya kasa, wanda ya kawo shi dajin ya bi.

"Ranka ya daɗe, ba a barin ta haka. Mata ke bin nan."

"Za a aika a gaya musu su canza hanya."

"Har kwana nawa, ranka ya daɗe? Doyar tana can."

"Maharazu, na ce ka ba ni bindigata."

Philip ya ce min da karyayyiyar Hausarsa, "Mama, wallahi ɗan'uwanka ya tsaya kamar itace. Oga ta miƙa hannu, shi ba ya ba shi. Ni na ce yau wahala ya zo."

Alhaji ya ga baƙinsa sun zuba masa ido, fuskarsa ta canza. Ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa. "Ka yi tunanin Kubra da yaranka. In ka taka cikin dajin nan da bindigata, kada ka sake taka min get."

Bawana ya yi tunaninsu, ya ce min har fararen safar nan ya gani a idonsa ƙiri-ƙiri. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullan get ya ajiye a kan bonet. Ya zare masu jan bakin daga bindiga ya jera su kusa da makullan. Ya ɗura tsofaffinsa huɗu. Ya ce, "Bindigarka ce, ranka ya daɗe, aro na yi. Philip, ruga ƙauye ka ce kada mace ta sauko rafi." Ya juya ya shige.

Baƙi suka hau motarsu suka tafi walima da labari mai daɗi a baki. Alhaji kuwa ba damar tafiya, bindiga da sunansa take, in ta yi ɓarna shi za a nema. Ya zauna a gindin ɗorawa cikin kakinsa mai aljihu goma sha biyu, ba ko ɗaya da ke ɗauke da dabara.

Tafiyar da ba ta fi daga rumfata zuwa bakin titin filin jirgi ba, awa uku Maharazu ya yi yana yin ta. Taku ɗaya, ya tsaya, ya duba. Mai kunne ɗaya ba ya dogara da ji, sai ido. Jinin ya yi ta raguwa har ya koma ɗigo nan da can a kan ganye. Abin da yake dubawa a sama shi ne carki, tsuntsun nan mai cin kaska a bayan shanu, don inda ɓauna ta kwanta ba ya nisa.

Sawu ya miƙe gaba sak. Sai carki biyu suka tashi fir daga hagunsa, ɗan baya kaɗan, wurin da ya riga ya wuce. Ta zagayo ke nan ta laɓe a gefen sawunta tana jiran mai bi, kuma ta ɓangaren mataccen kunnensa. Yana waiwayawa sai ga ta ta keto ciyawa, kai a miƙe, da ƙafa uku da rabi.

Ya yi bisimilla ya ja kunama. Ƙyas! Harsashin farko bai tashi ba, tsufa ya cinye shi.

Na tambaye shi abin da ya zo masa a rai a lokacin. Ya ce, "Cewa na yi, ashe Alhaji ma yana da tasa gaskiyar." Kun ji bawa! Mutuwa na tahowa da ƙaho, shi yana raba shari'a.

Hannun dai bai jira kan ba, ya fitar da mataccen ya tura na biyu. Raunin kafaɗar ne ya ba shi wannan ɗan lokacin. Tana taku goma ya saki a tsakiyar ƙirji. Ta kife, amma nauyinta bai san an harbe ta ba, ya taho da ita tana jan ƙasa har ta daki ƙafarsa ta danne shi.

Philip ya isa ƙauye ya tsare mata, sai dai Yelwa tun da sassafe ta tsallaka, ba wanda ya sani. A daidai lokacin tana dawowa da kwandon doya, tsakaninta da wurin bai fi taku arba'in ba, kuma ta gaban maɓoyar dabbar hanyarta za ta bi. Ta ji ƙara ta watsar da doya. Da ta ji shiru ta leƙo, ta ga mutum rabinsa a ƙarƙashin ɓauna yana miƙa hannu yana kasa kaiwa ga wani abu. Ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu, ya ce, "Baiwar Allah, ajiye kukan tukuna, miƙo min wuƙar can. Da sauran ranta, kada ta zama mushe." A kwance ya yanka ta, sannan ya suma kamar mutumin kirki.

Alhaji da ya ji harbi ya kutsa duhuwar da kansa, wannan ma a rubuta masa. Shi da mutanen ƙauye suka janye ɓaunar. Kafin a sa Maharazu a mota ya farfaɗo, abin da ya fara roƙo shi ne masu fiɗa su tono masa harsasan. A asibiti aka ce ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu. Ƙauye kuwa kwana uku suna cin nama.

Bayan kwana biyu sai ga Yelwa a asibiti da ƙulli a bakin zane. Ina zaune Alhaji ya shigo dubiya. Maharazu ya kwance ƙullin a kan gado. Mai jan bakin ya koma ɓarɓashi kamar an daka barkono, duk a ƙarƙashin fatar kafaɗa aka tsince shi. Tsohon kuwa ya ratsa ƙirji ya bi tsawon jiki, kusa da ƙugu aka same shi, kansa a baje, nauyinsa na nan. Na ukun shi ne wanda bai tashi ba, Yelwa ta tsinto shi cikin ciyawa. Maharazu ya ɗauke shi ya miƙa da hannu biyu.

"Wannan naka ne, ranka ya daɗe. Ka ce sun tsufa, ɗaya ya ba ka gaskiya."

Alhaji ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannu. Can ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa min da ƙarfi ba tun farko?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe."

"Sau ɗaya, kamar mai roƙon gishiri."

"Maigadi sau ɗaya gare shi, ranka ya daɗe."

Ni na tsoma baki na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a mayar masa da makullansa. Ka ga yanzu ƙafar ba ta zuwa ko'ina, ai maigadi ya samu." Ya yi murmushi ya miƙe ya yi mana sallama, na kuwa san makullan nan ba za su dawo ba. Labari ya riga ya gama ofis cewa maigadi ya ƙwace wa darakta bindiga a gaban na gaba da shi, har masinjoji suna kwaikwayon abin a bayan idonsa. Irin wannan raunin ba ya karɓar ɗori. Ya ɗauki nauyin asibiti har aka cire filasta, ya ba su wata guda su kwashe kaya, ya kawo masu gadin kamfani masu yunifom waɗanda ba su san komai ba sai sarawa.

Kubra ta yi wata biyu ba ta yi wa mijinta magana sai ta bakin yara. Ban ga laifinta ba. Ita ta san daɗin famfo a ƙofar ɗaki, ita ta ninke fararen safar nan ta sa a ƙasan akwati. Ta ce min, "Yaya Sauda, matan wani gari ya tsare, nasa kuma ya zubar a titi." 

A ƙauyen su Yelwa suka ƙare. Mai unguwa ya yankar masa 'yar gona a bakin ƙoramar, aka taya shi ɗora ɗaki biyu na laka. Yana noma abin da gurguwar ƙafa ta yarda, yana korar birai daga gonakin mutane da gwafar danƙo. Mutumin da ya riƙe wa Turawa bindiga! Yaran suna zuwa makarantar ƙauye da silifa. Duk kaka sai Yelwa ta dire musu doya, Kubra tana karɓa tana harara. Ƙahon kuwa yana falon Alhaji a Lugbe, an goge shi da mai an kafa a bango. Philip ya ce in baƙi sun tambaya, oga kan ce wata ɓauna ce a bayan Karshi, sai ya canza magana.

Bara na je duba su. Na same shi a gindin mangwaro ya zazzage gwangwaninsa a kan tabarma, an samu ƙarin ɗaya. Na ce, "Bawana, tsakaninka da Allah, ba ka nadamar riƙe bindigar nan?"

Ya karkato da kunnen kirkin. "Kullum ina yi."

"Ashe dai kana da hankali."

"Ba irin wadda kike nufi ba. Ƙarfe goma na riƙe ta, Saudatu. Da ƙarfe bakwai na riƙe, lokacin da ya buɗe kwalin nan, da iyakarta ya zage ni a gaban baƙi. Wataƙila ya kore ni, wataƙila ya huce kafin Litinin. Amma da ina da ƙafata biyu, ita ma dabbar da ba ta yini da wuta a kafaɗa ba."

Daga madafa Kubra ta ɗaga murya. "Da tun farko bakinka ka riƙe ba ka kai wa Philip labari ba, da yanzu ina Lugbe!"

Ya dube ni ya nuna ni da haɓa. "Kin ji ko. Ita kuma wadda ta kawo min labarin ga ta nan zaune tana jiran doyata."

Na ce a soya min da manja, kuma kada a yi min rowar yaji.